Yatsu Huɗu Tsakanin Jaka da Salansa

Ga wadda ta rubuto mini cewa mace mai sana'a a hannu ba ta kuka a kan namiji: 'yar'uwa, Allah ya bar ki da lafiyarki. Ni dai na yi kukan, a kan keken ɗinkina ma na yi shi, har zaren da ke cikin allura ya jiƙe. Sana'ar da kike magana kuwa, ita ce ta jefa ni cikin abin da zan ba ku labari yau.

Bari in ɗauko muku daga tushe saboda sababbin zuwa. Ni tela ce, amma ba ta riguna ba. Kujerun mota nake yi wa sutura, da rumfunan shago, da jakunkunan tamfol. Shagona ɗan ƙarami ne a layin masu gyara, tsakanin mai walda da mai faci, kullum cikin warin gam da ƙarar guduma. A nan na haɗu da mutumin da abokansa ke kira Tartsatsi. Bakanike ne na manyan baburan nan na tsere, waɗanda mai tuƙa su ke kifa ciki a kan tanki kamar mai murɗawar ciki. Kujerar jan babur ɗinsa ya kawo in sake mata fata. Aikin wuni ɗaya, amma ya yi ta dawo da ita: yau soso ya yi tauri, gobe zaren bai yi ja sosai ba. Ranar da na gaji na ce, “Malam, kujerar nan lafiyarta ƙalau, kai ne ba ka da lafiya,” sai ya yi dariya ya ce ai ya sani, maganin ne ya ƙi ɗago kai ya kalle shi. Har yau sunansa a wayata Kujera Ja.

Matsalar ita ce, a gidanmu ba a ambaton babur da daɗin rai. Yayana da nake bi ya taɓa mallakar irinsa, shuɗi. Wata rana da hantsi aka kira Baba aka ce ya zo asibiti. Yaya ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ƙarfe ne a ciki daga gwiwa har idon sawu, ba ya takawa sai da sanda. Yanzu yana ɗakin bakin ƙofa, tagarsa na kallon titi, yana gyara wayoyin mutanen layi a kan ɗan tebur. Baba kuwa tun daga lokacin, in babur ya wuce da ƙara yana shan shayi, sai ya ajiye kofin, ba zai ƙara ɗauka ba sai ƙarar ta ɓace. Ga shi da ciwon suga. Likita ya ja masa kunne a kan ƙafafunsa, ya ce ko ƙaya ce ta soke shi, ciwon zai daɗe bai warke ba, in ma ya warke. Ku riƙe mini wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ga Gwaggo a gefe, ƙanwar Baba, da saƙon muryarta na kullum: “Ke 'yar nan, mai kemis ɗin nan fa har yanzu yana tambaya. Mota gare shi, ƙofa huɗu, mai sanyi. Kin nace wa mai taya biyu, in ruwa ya sauko ku jiƙe tare kamar kaji?” Umma ba ta faɗa da baki, amma duk katin bikin da aka kawo gidan, a kan kekena na gida take ajiye shi, inda ba yadda za a yi in ƙi gani.

Da maganar Tartsatsi ta kai kunnen Baba, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Kirana ya yi falo, ya kashe rediyo, ya ce:

“Uwata, ba zan ce ya bar sana'arsa ba, gyara ba laifi ba ne. Amma gudu, a'a. Na ba titi ƙafar ɗa guda, ba zan ƙara masa da 'ya ba. In ya daina, ya zo in gan shi. Kuma ba daga bakinsa nake son ji ba, daga naki. Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba.”

Washegari na sami Tartsatsi a gareji, yana kwance ƙarƙashin babur ɗin wani. Na zayyana masa komai. Ya miƙe zaune, ya daɗe yana goge hannu da tsumma yana kallon jan babur ɗinsa da ke jingine a inuwa.

“Na daina,” ya ce.

“Ni za ka kalla ka faɗa, ba shi ba.”

Ya juyo. “Na daina, Telata. Dokin nan jaki zan mayar da shi. Ki sa ido.”

Kuma wallahi na sa ido, na ga aiki. Ya ɗaga hannun babur ɗin sama don ya daina kifa ciki a kan tanki. Ya mayar da manyan madubai da ya cire tun da can wai suna tare masa iska. Ya sa mai walda ya ƙera masa kariya ta baya, ya ɗaura baƙin akwati a kai, mai ɗan matashi a gaba inda bayan mai zama zai jingina. “Wurinki ke nan,” ya ce, yana dukan matashin. Shirinsa shi ne duk wanda babur ya mace masa a hanya ya kira shi, ya je da kayan aiki ya tayar masa. Saura jakunkunan gefe guda biyu, waɗannan kuma aikina ne.

Ban taɓa zuba zuciyata a kan ɗinki irin na jakunkunan nan ba. Baƙin tamfol ninki biyu, zif mai kauri, maɗaurai uku-uku, jan zare a gefe don ya dace da kujerar, a ciki kuma kowace sifana da aljihunta. A tsakar gida na shimfiɗa tamfol ɗin ina zana da alli, sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar Yaya. Ya tsaya a kaina. Tun da ya dawo daga asibiti ban ji ya sa baki a zancen babur ba.

“Tela, ta dama ki rage mata tsawo,” ya ce. “Salansa a wannan gefen take. Ki bar yatsu huɗu tsakaninta da jakar, in ya fi ma ya fi kyau. In ba haka ba zafi zai cinye miki aiki.”

Na goge layin allin na sake ja. Ranar da muka ɗaura su a gareji, na durƙusa na zura hannuna tsakanin gindin jakar da salansar. Yatsu huɗu suka shige har da sauran wuri. Na ɗauki hoton hannun a haka na tura wa Yaya. Ya maido da kalma uku: “Aiki ya yi.” A ranar na shiga falo na durƙusa gaban Baba na ce, “Baba, ya daina. Da idona na gani.” Baba ya ce to, ya zo ranar Lahadi bayan la'asar.

Lahadin tun safe nake goge-goge. Na canza labulen falo, na sa wa kujeru sababbin rigunan da na ɗinka, na wanke kofunan baƙi da Umma ke ɓoyewa a saman kabad. Na sa doguwar riga ruwan zuma, da mayafi ruwan madara, Umma ta ciro 'yan kunnenta ta sa mini da hannunta tana cewa in daina rawar jiki kar kunnen ya yage.

Na saba jin babur ɗin Tartsatsi tun daga kan kwana. Ranar sai ya shigo layin a hankali, murya ƙasa-ƙasa kamar mai zuwa duba mara lafiya. Daɗi ya kama ni. Amma ina gittawa ta ƙofar Yaya na ga ya ɗago kai daga wayar da yake gyarawa, ya karkata kunne wajen taga, ya haɗe gira. Ban tsaya tambaya ba, hankalina na can waje.

Tartsatsi ya shigo da farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ya yi aski. Faratansa, da kullum baƙin mai ke maƙale a ciki, ya kankare su fes. Jakunkunan nan biyu ya ciro daga babur ya shigo da su rataye a kafaɗa, wai Baba ya ga aikin 'yarsa. Ya zube ƙasa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya juya ya gaida Yaya da ke tsaye jingine da ƙofa. Baba ya yi masa tambayoyi, na iyaye, na sana'a, na inda yake zaune. Ya amsa a natse, kansa a ƙasa. Ni ina daga gefen Umma, ina ta murza bakin mayafina.

Sai Tartsatsi ya buɗe jakar hagu. Lemo da tuffa, kwalbar turare ta Umma, da wani ɗan akwati na ƙananan sukundireba na gyaran waya. Yaya ya karɓa ya ce ya gode, bai buɗe ba.

“Baba, na ji an ce likita ya ce a kula da ƙafa,” Tartsatsi ya ce, yana jawo jakar dama. “Shi ne na samo wani takalmi mai laushi, ba ya matsi, ba ya...”

Yana jan zif ɗin wari ya cika falon. Warin ƙonanniyar roba.

Ya zaro takalmin. Na hagu lafiya lau, ruwan ƙasa, mai kyau. Na dama dunduniyarsa ta narke ta murɗe, ta manne da takardar da aka naɗe shi. Umma ta ce, “Subhanallahi!” Baba ya miƙo hannu ya karɓi jakar ya juya ta. Ga rami nan a gefen da ke kallon babur, faɗin tafin hannu, bakinsa ya narke ya daskare baƙi ƙirin.

Jama'a, na tsorata. Ba don ramin ba, don inda yake. Da a gindin jakar yake, sai in ce ko maɗauri ne ya saki ta sauka kan salansa. Amma a tsakiyar jikinta yake, can sama, inda ranar da na auna ba komai sai iska. Jakata ba ta sauka ba. Salansar ce ta hau. Kuma salansa ba ta hawa da kanta.

Na kalli Tartsatsi. Zufa ta karyo masa a goshi. Idanunsa suna roƙona kamar yadda ban taɓa ganin namiji ya roƙi mace ba.

“Uwata,” Baba ya ce, yana zura yatsa a ramin, “ke kika ɗinka wannan ko? Ya aka yi haka? Ke ba kya sakaci a aiki.”

Na ga mai kemis da motarsa mai sanyi. Na ga katunan bikin Umma. Na ga farar rigar nan tana fita daga ƙofarmu ba dawowa. Yaya yana kallon ƙasan sandarsa.

“Ni ce, Baba,” na ji bakina ya ce. “Awona ne ya kuskure. Na sakar mata tsawo.”

Baba ya dube ni, sai ya fashe da dariya. “To ka gani, ɗan samari! Tun ba a je ko'ina ba ta fara ƙona maka kaya. Har yanzu kana so?” Umma ta yi dariya tana rufe baki da mayafi. Tartsatsi ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba. Baba ya zura ƙafar hagu a takalmin da ya tsira, ya motsa yatsu a ciki ya ce, “Ƙafa ɗaya dai ta gode.” Yaya kaɗai ne bai yi dariya ba. Na ji ƙwas, ƙwas, ya koma ɗakinsa.

Sai Baba ya ce a je ya ga babur ɗin. Mutumin da ko hoton babur ba ya son gani, ya fita ƙofar gida ya zagaya shi, ya duba madubai, ya buɗe akwati ya rufe, ya danna matashin nan da tafin hannu. Baba tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, famfo ya sani, bai san bambancin salansa da salansa ba.

“Nan za ta zauna?”

“Nan ne, Baba.”

“To. Gobe da safe ina da ganin likita. Ka zo ka kai ni.” Umma ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. “Kujerar da 'yata za ta zauna, ni zan fara zama a kai. In na dawo lafiya, ka turo manyanka.”

Su Baba suna shiga gida na zagaya gefen dama na durƙusa. Tsohuwar salansar, doguwa baƙa mai murfin kariya da ke kwance can ƙasa, babu ita. A wurinta ga wata gajera, siririya, ta ɗago kai sama, ƙarfenta ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, ta bi daidai ta bayan inda mai zama ke ɗora ƙafa. Ko murfi babu.

“Mene ne wannan?” Na tambayi Tartsatsi, murya ƙasa-ƙasa.

“Telata, tsaya ki ji...”

“Ina ji.”

“Kaya ne suka yi masa nauyi. Kariya, akwati, jakunkuna, ga sifanu. Da na hau sai na ji kamar ba nawa ba, yana nishi a kan hawa. Abin da nauyi ya cinye kawai na mayar masa. Salansa ce, sai matatar iska, sai ɗan taɓa ƙwaƙwalwar injin da muka yi da kwamfuta.”

“Sai, sai, sai! Saura me?”

“Wallahi ba gudu na ƙara masa ba. Numfashi na ƙara masa.”

“To me ya sa yau ya shigo shiru?”

Ya sosa ƙeya. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da aka cusa a bakin salansar. “Toshi ne. Noti ɗaya ke riƙe da shi. Don Baba na sa.”

Don Baba ya sa. Wato ya zauna ya yi tunani, ya ɗauki sifana ya ɗaure ƙaryar da hannunsa. Ya tuna da kunnen Baba, ya manta da jakata. Idona ya sauka kan tayar baya, na ga ta cinye har gefe da gefe. Na daɗe a layin masu gyara, na san ba ɗaukar kayan aiki ke cin taya ta gefe ba, kwanciya a kwana ce.

“Ka mayar da tsohuwar kafin gobe.”

“Na ba wani kwastoma, ya yi tafiya da ita.”

“Ka nemo wata.”

“Ta irin wannan sai an yi oda.”

“To ka ce wa Baba babur ya lalace.”

“In ce wa surukina bakanike ya kasa tayar da babur ɗinsa? Haba, Telata. Zan naɗe ta da ƙyallen zafi. A giya ta biyu zan tafi da shi har asibiti, ko keke sai ya wuce mu.” Ya sassauta murya. “Kin cece ni yau. Ba zan manta ba.”

Na so in mare shi, na so in riƙe rigarsa kar ya tafi. Duka biyun a lokaci guda. Wadda ba ta taɓa so ba, kar ta ce mini komai.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Hotona ya maido mini, na hannuna tsakanin jaka da salansa. Ba rubutu. Can sai ga kalma ɗaya: “Zo.”

Na same shi zaune a bakin gado, ƙafar a miƙe kan kujera, akwatin sukundireban na kan tebur ba a buɗe ba.

“Yatsu nawa ne a hoton nan, Tela?”

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hoton a wayata.

“Tun daga kan kwana na ji shi. Toshi yana rage ƙara, ba ya canza murya.” Ya dube ni. “Ya ce miki numfashi ya ƙara masa, ko?”

Na zauna a ƙasa. “Ka ji mu ne?”

“Ban ji ku ba. Abin da na gaya wa Umma ke nan, sati ɗaya kafin a kira Baba asibiti. Duk haka muke cewa, kuma lokacin da muke faɗa mun yarda da kanmu.”

Kuka ya ƙwace mini. Na ce, “Yaya, ya ce zai naɗe ta. Ya ce a hankali zai tafi.”

“Zai tafi a hankali, na yarda. Amma injin da aka taɓa wa ƙwaƙwalwa zabura yake yi, ko ɗan murɗawa kaɗan. Baba bai taɓa hawan irin wannan ba. Yana zabura, tsoho zai tsorata ya matse ƙafa. Da me zai matse?” Ya ɗaga wayar ya nuna mini hoton. “Abin da ya huda tamfol ninki biyu ya narka takalmi, ƙyalle ne zai hana shi? A ƙafar mai suga?”

“In na faɗa, shi ke nan fa, Yaya. Baba ba zai ƙara kallonsa ba. Ina son sa. Wallahi ina son sa.”

“Na sani. Ni ma ba ƙin sa nake ba. Yaron kirki ne, ya san ciwon Baba har ya nemo takalmi.” Ya shafa gwiwarsa. “Ni ma yaron kirki ne, Tela.”

Ban taɓa jin magana ta soke ni irin wannan ba.

“Ba zan riga ki faɗa ba,” ya ce, “don ke aka tambaya. Amma ba zan zauna a tagar nan in ga Baba ya ɗaga ƙafa ya hau ba. In kika yi shiru har ya kai ƙofa, ni zan yi magana. A lokacin kuma ba shi kaɗai zai faɗi a idon Baba ba.”

Na fito na tarar da Umma a kicin tana waya da Gwaggo, tana dariya, tana cewa ai yaron akwai ladabi, a fara tunanin kalar da za a sa. Ta ga idona ta ce, “Kukan takalmi kike? Ke dai da son a yabi aikinki. Share, kowa na kuskure.” Na ce to.

Bayan magariba na kulle ɗaki na kama waya.

Na rubuta: “Ka zo da motar haya gobe. Ka ce taya ce ta yi faci.”

Kujera Ja: “Baba ya ce babur zai hau. In na zo da mota zai ce tsoro nake.”

“To ka gaya masa gaskiya da bakinka. Daga bakinka zai fi sauƙi.”

“In na faɗa zai kore ni. Bayan biki zan cire komai, na rantse.”

“Haka ka rantse ka daina.”

Sai ga hoto: salansar an naɗe ta da farin ƙyalle, an ɗaure da waya. “Duba. An gama.”

Na rubuta: “Ka zagaya gari da shi, ka ɗora tafin hannunka a kai, ka turo mini hoton hannun.”

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Daga ƙarshe abin da ya zo shi ne: “Ina son ki. Ki yarda da ni sau ɗaya tak.” Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira, wayar a kashe. Hoton hannun bai zo ba.

Da safe na ɗora ruwan shayi, hankalina ba ya kai, har na zubar da rabi. Ina ta ce wa kaina watakila ƙyallen ya isa, watakila taya ta yi faci da gaske, watakila a yi ruwa. Na leƙa sama, ko ɗigon hadari babu.

Baba ya fito cikin farar doguwar riga da siririn wando, katin asibiti a aljihun gaba, tsohon takalminsa buɗaɗɗe a ƙafa. Na kalli dunduniyar nan tasa ta dama, busasshiya, fatar sirara kamar takarda, na kawar da kai. Yana riƙe da wata tsohuwar leda mai ƙura. Ya zauna a kujerarsa ya kwance ta.

Hular kwanon Yaya ce. Shuɗiya, gefe ɗaya duk titi ya kankare fentin. Ban san ya ajiye ta ba. Ashe duk shekarun nan tana saman durowarsa.

“Na ce ba zan ƙara taɓa ta ba,” ya ce, yana goge ƙurar da hannun riga. Ya ɗora a kai, ta ɗan karkace. “Zo ki ɗaura mini, Uwata, ban san yadda ake yi ba.”

Na durƙusa a gabansa. Na kama maɗaurin a ƙarƙashin haɓarsa, farin gemunsa na taɓa yatsuna.

“Kin san wani abu?” ya ce. “Jiya da yaron nan zai tafi, ya tayar da babur ina shan shayi. Sai da na shanye kofin na tuna ban ajiye ba. Ke kika yi mini wannan. Allah ya yi miki albarka.”

Daga kan kwana na jiyo babur ɗin Tartsatsi yana tahowa, a hankali, da wannan muryar tasa ta aro. Daga bakin ƙofa kuma na ji ƙwas, ƙwas. Sandar ta tsaya a bayana. Ban waiwaya ba.

“Baba.”

“Na'am. Ja da kyau, kar ta faɗi a hanya.”

Na saki maɗaurin. Na sa hannu biyu na ɗaga hular daga kansa, na rungume ta a ƙirjina.

“Ban yi kuskuren awo ba, Baba. Yatsu huɗu na bari.”

A waje injin ya mutu. Na ji ya kafe babur, na ji takunsa, sai ga muryarsa a bakin ƙofa cike da fara'a yana kwaɗa sallama.

Baba bai amsa ba. Ni yake kallo.